Mai Ƙera Fuskoki

Sana'ata fuskar aro.
Lilin nake jiƙawa da danƙo, in shimfiɗa kan yumɓu,
in huda ido biyu, in wage baki
tun mai wasa bai san abin da zai sa shi kuka ba.
A Atina kowa ya san rumfata, bayan masu tukwane.
Sarakunan da za su faɗi ranar biki
suna rataye a bangona tun lokacin sanyi,
baki buɗe, suna jiran masifarsu.

Shekarar da aka haifi Telesiyas na hau Delfi.
Kwana biyar a ƙafa, da bunsuru a igiya.
Aka watsa masa ruwa, ya girgiza, aka ce an karɓa.
Matar tana kan kujera mai ƙafa uku,
hayaƙi ya cinye rabin muryarta,
ko kallona ba ta yi ba:
"Da hannunka za ka rufe fuskar ɗanka."

Kalma bakwai. Na gaba ya matso.

To, wa ake rufe wa fuska in ba gawa ba?
Na gangaro dutse ina kallon tafina
kamar macijin da ya kwana cikin riga.
Ban gaya wa Hedista ba.
Na sa su a jirgi zuwa Egina, gidan wanta,
na ce iskar birni ba ta karɓi yaron ba.
Duk wata ina aika man zaitun da azurfa,
ban taɓa bin sawun azurfar ba.
Tafiyar rabin yini ce a ruwa.
In gari ya yi garau ina hango tsibirin daga tudu,
sai in soke hannu a hammata, in koma aiki.

Da Hedista ta rasu ban je ba.
Wurin binnewa, na ce, ga mayafi, ga ɗa, ga hannuna.
Dabara nake kiran abin a lokacin.

Shekara ashirin da uku.
Sai wani saurayi ya duƙo ta ƙofar rumfa:
"Manzo zan fito bana, mai kawo mugun labari.
Ina son fuska."
Na auna goshinsa da zare, ban ɗaga kai ba.
Ran gwaji na ɗora masa ita,
na zagaya ina ɗaure igiya a ƙeya,
nan na ga kunnen Hedista,
wannan ɗan lanƙwason na hagu.
Daga cikin lilin murya ta fito:
"Sassauta kaɗan, Baba. Ta matse."

Ke nan.
Abin da aka faɗa ya cika,
ba jini, ba kuka, ko tsuntsu bai tashi ba.
Ya cire, ya share zufa, ya tambayi kuɗi.

Ranar wasa na zauna can sama, kusa da masu goro na ɓaure.
'Yan amshi sha biyar suna taku suna cewa
ƙaddara ta riga fata,
zaren da aka kaɗa ba ya komawa auduga.
Jama'a na gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba.
Allan nan ƙarya bai yi mini ba,
amma bai ce in gudu ba.
Baki kawai ya huda mini,
kukan da ya fito ciki nawa ne,
ni na zaɓe shi, ni na yi masa guzuri,
ni na biya kuɗin jirgi.

Ko kuwa ya san irin kunnen da ya zuba wa maganar?
Wannan tambaya tana hana ni barci.

Telesiyas ya ce zai biyo gobe,
wai gashin fuskar ya fara ɓamɓarewa.
Na duba, gashin lafiya lau.
Na sayi kifi biyu da tulun inabi.
Gobe kam ba wanda ya duba mini ita.